Hoton biki a Yamai: abin da ya kamata a daidaita da mai ɗauka tun kafin ranar ɗaurin aure

Da zarar watan Sha'aban ya kama, ranakun Asabar da Lahadi a Yamai ba sa isar masu aure. Daga Boukoki zuwa Talladjé, daga Lazaret zuwa Harobanda, rumfuna kan tare tituna tun da sassafe, domin kowa na son ya tare da amaryarsa kafin azumi. A irin wannan lokaci masu ɗaukar hoto suka fi samun aiki, kuma a lokacin ne aka fi samun saɓani tsakaninsu da iyalai. Wani an biya shi ya turo yaronsa, wani ya riƙe hotuna wata uku, wata amarya kuwa ta tsinci fuskarta a TikTok tun ba ta ga hotunan da idonta ba. Akasarin waɗannan rigingimu ba a ranar biki suke farawa ba. Suna farawa ne ranar ciniki, inda aka yi maganar kuɗi kaɗai aka tashi.

Yawancin iyalai suna zaɓen mai hoto ne ta shafinsa na Facebook ko Instagram, ko kuma ta bakin wata ƙawar amarya. Shafin ba ya ƙarya, amma ba ya faɗin komai da komai. Mai hoto kan ɗauki hoto dubu ko fiye a biki guda, ya zaɓi goma mafi kyau ya wallafa, kuma goman nan kusan kullum na ango da amarya ne a tsaye, an shirya su, an haska su, an gyara. Abin da ya fi dacewa a nema shi ne a ga biki guda cikakke, daga ɗaurin aure har kai amarya. A nan ake gane ko mutum ya iya aiki a ɗaki mai duhu, ko yana kama fuskokin dattawa lokacin da aka ɗaga hannu ana fatiha, ko kuwa ya iya hoton tsayuwa ne kawai. Wanda ya ƙi nuna aiki cikakke, ko ya ce duk sun ɓace, ya riga ya ba da amsa.

Biki ba wuri guda ba ne

Bikin Yamai ba taro ɗaya ba ne da mutum guda zai tsaya a tsakiya ya ɗauka. Akwai kai lefe, wanda a birnin aka fi sani da valise. Akwai lalle. Akwai ɗaurin aure da safe a ƙofar gidan iyayen amarya ko a masallacin unguwa, maza a ƙarƙashin rumfa, ana raba goro da dabino. Akwai wunin mata, wanda Zabarmawa ke kira foyandi, inda dangi da ƙawaye ke fitowa cikin anko. Wasu na ƙarawa da rajistar aure a ofishin magajin gari na ɗaya daga cikin gundumomi biyar na birnin, wasu da liyafar dare a otal ko zauren biki. Daga ƙarshe a kai amarya.

Ɗaurin auren kansa gajere ne. Tsakanin lokacin da waliyyi da wakilin ango suka fara magana da lokacin da aka shafa fatiha, mintoci kaɗan ne, kuma ba a maimaitawa don mai kamara ya makara. Idan amarya na Harobanda, shi kuma mai hoto yana zaune a Banifandou, sai ya ƙetare kogi, kuma duk wanda ya taɓa bin gadar Kennedy da safe ya san abin da hakan ke nufi, ko da yake gadar Sin da ta Seyni Kountché sun rage cunkoso. Don haka ba a cewa "ka zo da safe". Ana faɗin ƙarfe nawa, a wane gida, da lambar wayar wanda zai tarbe shi.

A daidai lokacin da maza ke waje, mata na ciki, kuma abin da ke faruwa a ciki shi ne rabin bikin: kukan uwa, guɗa, ƙawaye kewaye da amarya. Mutum ɗaya ba zai iya kasancewa a wuri biyu ba. Ban da haka, gidaje da yawa ba sa yarda namiji baƙo ya shiga ɗakin amarya lokacin lalle ko wanka, kuma suna da gaskiyarsu. Mafita ita ce a tambaya tun farko ko akwai mace a cikin ƴan aikinsa. Mata masu sana'ar hoto a Nijar ba su kai maza yawa ba, amma akwai su, kuma wasu sun yi suna har a waje, irin su Apsatou Bagaya. Iyalin da ke son a ɗauki ɓangaren mata ba tare da ƙorafin dattijai ba, gara su nemi mace tun da wuri, domin a makonnin da aure ya yi yawa su ake fara kamawa.

Tambaya mafi muhimmanci a nan ita ce: wa zai zo? Situdiyo mai suna kan karɓi biki uku ko huɗu a rana guda, maigidan ya je wanda ya fi tsoka, ya rarraba almajirai a sauran. Ba laifi ba ne a tura almajiri idan ya ƙware, amma laifi ne a karɓi kuɗin maigida a turo wanda bai wuce wata biyu da fara riƙe kamara ba. A rubuta sunan wanda zai riƙe kamarar, a kuma ga aikinsa shi kansa.

Rana, ƙura da wuta

Hasken Yamai ba ya yi wa mai hoto sauƙi. A watannin Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40, rana na tsaye a ka tun kafin azahar. Farar shadda mai sheƙi a jikin mutum baƙi, a cikin wannan rana, ita ce jarrabawar da ke bambanta gwani da mai koyo: in aka bi hasken riga fuska ta yi duhu, in aka bi fuska riga ta ƙone ta zama fari fat, aikin ɗinkin da aka kashe wa kuɗi ya ɓace. Gwani ya san ya janye mutane inuwa, ko ya cike fuska da filashi ko da rana tsaka. A hotunan da ya nuna, a duba wuyan riga da aljihu. In ana ganin zaren aikin kuma ana ganin idon mai rigar, mutumin ya san abin da yake yi.

Matsalar ta daɗe. Shekaru da dama kamfanin Kodak na Amurka yana daidaita launin injinan wanke hoto da katin da ke ɗauke da hoton farar mace, wanda ake kira katin Shirley, sai daga baya aka fito da mai ɗauke da mata masu launin fata daban-daban. Kamarorin yau sun fi na da nesa ba kusa ba, sai dai wata sabuwar ɗabi'a ta maye gurbin tsohuwar matsala: gyaran kwamfuta da ke haske fatar amarya har danginta su kasa gane ta. Wasu amaren su ke nema, wasu kuma ana yi musu ba tare da an tambaye su ba, don mai gyaran ya ɗauka haka kowa ke so. Wannan magana ce da amarya ya kamata ta yi da bakinta kafin biki, ta nuna hoton da take ganin ya yi daidai ta ce iyakar nan.

Masu son hoto a bakin kogi ko a kan tudun rairayi na ƙetaren ruwa su lura da agogo. Rana na faɗuwa wajen ƙarfe shida da rabi a Disamba, wajen bakwai da minti ashirin a Yuni da Yuli, kuma duhu na saurin rufewa. Hasken da ake nema na sa'a guda ne kafin faɗuwar, lokacin da galibi amarya ke hannun mai kwalliya. A lokacin hunturu kuwa ƙura kan dushe sararin sama, ta kuma shiga cikin kamara idan ana yawan sauya gilashi a fili.

Sai wutar lantarki. Nijar ta daɗe tana sayo mafi yawan wutarta daga Najeriya, kuma mazauna Yamai ba su manta da watannin da suka biyo bayan Agustan 2023 ba, lokacin da aka yanke layin. Ko a lokacin da komai ke tafiya daidai, ɗaukewar wuta a bazara ba baƙon abu ba ne. Mai hoton da ya dogara da fitilar da ake jonawa a bango zai iya tsayawa cak a tsakiyar liyafa. A tambaye shi batir nawa yake zuwa da su, ko fitilunsa na aiki da caji, da kuma ko yana da kamara ta biyu in ta farko ta tsaya.

Kuɗi

Babu farashi guda a wannan sana'a. Ya danganta da yawan ranaku, yawan ma'aikata, ko akwai bidiyo, ko akwai alibom. Abin da ke taimaka wa mai ciniki shi ne sanin inda kuɗin ke tafiya. Kayan aikin duk daga waje ake sayo su. Da yake euro ɗaya na daidai da sefa 655.957, kamarar euro 1,500 ta kusa sefa miliyan ɗaya tun kafin a sa mata gilashi, a biya kuɗin kwastan, a sayi filashi da kwamfutar gyara. A ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake sefa dubu 42 a wata, wannan jari ne babba. Kuma aikin ba ya ƙarewa da tashin biki: tantance hotuna dubu da gyara ɗari biyu ko uku na cin kwanaki. Wanda ya yi farashi mai arha fiye da kima, akwai inda zai rage, kuma yawanci a gyara ne ko a ajiya, wuraren da mai biki ba ya gani sai daga baya.

A Yamai ma har lissafin kuɗin kansa na iya jawo rikici, domin ana ciniki da harsuna uku. Bahaushe na ƙirga da dala da jika, mai Faransanci na ƙirga da faran, a Zabarmanci kuwa zambar fo, wato dubu ɗaya, na nufin sefa 5,000. Mutum biyu na iya rabuwa kowa na ganin an daidaita, alhali lissafinsu ya bambanta ninki biyar. A rubuta adadin da lambobi.

Kafin alƙalami dole ne, domin mai hoto na ƙin wasu ayyukan don ya riƙe ranar. Amma biyan kuɗi duka kafin a ga hoto ko ɗaya shi ne hanya mafi sauƙi ta jiran wata shida. Abin da ya fi tsari shi ne a raba uku: wani kaso ranar da aka kama rana, wani ranar biki, ragowar ranar da aka miƙa aiki. Turawa ta Nita, Amana, Al Izza ko asusun waya irin Airtel Money na da amfanin da kuɗin hannu ba shi da shi, tunda yana barin shaida mai kwanan wata. A kuma yi maganar abin da zai faru in an ɗaga biki. A nan ana ɗage aure saboda rasuwa, ko don wani babba a dangi bai dawo daga tafiya ba, kuma wannan ba abin da za a fara tattaunawa a ranar zaman makoki ba ne.

Akwai kuma masu hoton da ba wanda ya gayyata. Sukan shigo taron mata, su ɗauki baƙi, su ruga labo a kan babur, su dawo kafin la'asar su baje hotuna a tabarma kowa ya sayi nasa. Tsohuwar sana'a ce, kuma mata da yawa na jin daɗin komawa gida da hoto a jaka. Sai dai sukan tare wa wanda aka ɗauka aiki gaba, kuma hotunan da ba a saya ba babu wanda ya san inda suke ƙarewa. Iyali su yanke shawara tun farko: a bar su ko a hana, kuma wa zai tsaya a ƙofa.

Me za a miƙa, kuma na wane ne

A nan ne aka fi yin sakaci. "Zan turo muku ta WhatsApp" ba miƙa aiki ba ne. Manhajar na matse hoton da aka tura ta hanyar da aka saba, ta rage girmansa ƙwarai. A fuskar waya yana da kyau, amma ranar da aka kai shi labo don a fitar da babba na rataye a falo, sai fuska ta farfashe. Domin a buga hoto mai santimita 30 da 40 da kyau, ana bukatar kusan ɗigo 3,500 a faɗi da 4,700 a tsawo. Saboda haka a nemi hotunan da cikakken girmansu a kile USB, ko a tura su a matsayin fayil, ba a matsayin hoto ba. A faɗi adadin waɗanda za a gyara, adadin waɗanda za a buga a takarda, shafi nawa ne alibom, da ranar da za a karɓa. In akwai bidiyo, a bambanta gajeren da ake yaɗawa a waya da cikakken da ke ɗauke da ɗaurin aure da muryar liman, domin shi ne wanda ake nema bayan shekaru, lokacin da wasu daga cikin waɗanda suka zauna a tabarmar ba sa raye.

Sai ajiya. Katin kamara na lalacewa, ana sace kwamfuta, zafi da ƙura na kashe faifan ajiya. Kamarori da yawa na ƙwararru na da gurbin kati biyu, suna rubuta kowane hoto sau biyu a lokaci guda. Tambaya ce mai sauƙi: kamararka kati nawa take ɗauka, kuma a wurare nawa kake ajiye aiki kafin ka goge katin? Iyalin ma da zarar sun karɓa, su kwafa a wuri na biyu, su kuma buga waɗanda suka fi so. Takarda na daɗewa fiye da waya.

Tarihin sana'ar a birnin nan ya nuna dalilin da ya sa wannan magana ke da nauyi. Philippe Koudjina, wanda aka haifa a Kwatano a 1940 ya kuma rasu a Yamai a 2014, ya shafe shekarun 1960 da na 1970 yana ɗaukar matasan birnin a wuraren rawa da shagulgula, yana kuma da situdiyo mai suna Photo Souvenir. A Bamako, Malick Sidibé ya yi irin wannan aiki, har ya samu kyautar Zakin Zinariya a Venise a 2007. A zamaninsu mai biki na karɓar takarda, fim ɗin kuma ya zauna a akwatin mai hoto. Albarkacin wannan ajiya ne ake iya ganin yadda Yamai da Bamako suke a farkon ƴancin kai. Amma kuma hakan na nufin fuskokin mutanen da suka fita shaƙatawa wani dare sun ƙare a bangon gidajen nune-nune na Turai, abin da ba su taɓa tsammani ba lokacin da suka tsaya gaban kamara. Abin da a da yake ɗaukar shekara talatin, yanzu minti ɗaya ya ishe shi.

Doka ta san ɓangarorin biyu. Ta fuskar mai ɗauka, hoto aikin fasaha ne da dokar haƙƙin mallaka ta 2010 ke karewa, kuma akwai hukumar BNDA da ke kula da wannan fanni. Biyan kuɗin aiki kaɗai ba ya share sunan mai hoto daga aikinsa, shi ya sa wasu ke ƙin ba da ɗanyen fayil da ba a gyara ba, ko su nemi ƙarin kuɗi a kansa. Ta fuskar wanda aka ɗauka kuwa, hoton mutum na cikin bayanansa na kansa. Nijar ta kafa dokar kare irin waɗannan bayanai a 2017, ta sabunta ta a Disamban 2022, kuma hukumar HAPDP ce ke sa ido a kai. Akwai kuma dokar laifukan intanet ta 2019, wadda aka sake tsaurara hukuncinta a watan Yunin 2024. Ma'anar duk wannan ga mai biki ita ce, mai hoto ba shi da hurumin ɗaukar fuskar amarya ya yi tallar sana'arsa da ita ba tare da yardarta ba.

Sai dai babu iyalin da ke son fara zaman aure da zaryar kotu, kuma hoton da ya riga ya zaga wayoyi ba ya dawowa. Layi biyu a takardar yarjejeniya sun fi sauƙi: ba za a wallafa komai ba sai amarya da ango sun gani sun amince, kuma hotunan cikin ɗaki, na lalle da na mata ba lulluɓi, ba za su fita ba ko kaɗan. Wasu masu hoto kan rage farashi in an ba su izinin wallafawa, ciniki ne halastacce muddin an faɗe shi a fili. Abin da ake yawan mantawa shi ne yardar ango da amarya ba ta shafi baƙi ba. Matar aure da ta yi rawa a cikin ƴan uwanta mata ba ta ba kowa izinin nuna ta ga duniya ba, kuma irin wannan bidiyo ya isa ya haddasa fitina a gidan da ba shi ne ya yi bikin ba.

Jirgi marar matuƙi da ake tashi don ɗaukar ayarin motoci daga sama ya zama abin yayi, amma Yamai ba wurin da ake tashinsa yadda aka ga dama ba ne. Filin jirgin saman Diori Hamani da sansanin sojan sama da ke maƙwabtaka da shi na gefen unguwanni masu yawan jama'a, fadar shugaban ƙasa da barikoki na tsakiyar gari, ga kuma halin tsaro da ƙasar ke ciki. Hukumar ANAC ce ke kula da sararin samaniyar farar hula. Duk mai hoton da ya sa jirgin a cikin farashinsa, a nemi ya nuna takardar izini, in ba haka ba a cire shi daga lissafi.

Yarjejeniyar ba ta bukatar lauya ko Faransanci mai wuya. Takarda guda ta isa, da sunayen ɓangarorin biyu, ranaku da wurare, sunan wanda zai riƙe kamara, adadin kuɗi da yadda za a biya, abin da za a miƙa da ranar miƙawa, da sharaɗin wallafawa. Kowa ya sa hannu, kowa ya ɗauki hotonta a wayarsa. Inda ake jin nauyin kawo takarda, musamman in mai hoton ɗan uwa ne ko ɗan unguwa, saƙon murya da aka jero waɗannan abubuwa a ciki, shi kuma ya amsa da cewa ya yarda, ya fi babu.

A ranar bikin kuma a haɗa shi da mutum guda daga kowane ɓangare, wanda ya san dangi. Mai hoto bai san cewa tsohuwar da ke zaune a lungu ita ce ta yi renon amarya ba, bai san kawun da ya taso daga Damagaram ko Tawa don wannan rana kaɗai ba. In ba a nuna masa su ba, zai cika katinsa da ƴan mata masu kwalliya, domin su ne ke zuwa gaban kamara da kansu.